Daga Yankin Takarda zuwa Ƙaton Littafi: Sharhi kan Tome, Mujalladi da Kundi

Duk wanda ya zauna da ɗaliban unguwannin Hausawa na Ikko, musamman Agege, inda yaro kan tafi makarantar boko da safe, ya shiga Islamiyya da la'asar, sa'an nan ya durƙusa gaban malamin zaure bayan magariba, ya san cewa akwai waɗansu kalmomin Turanci da kan tsaya wa mai karatu a rai, domin yakan fahimci abin da ake nufi da su, amma idan aka ce ya faɗa da Hausa sai ya yi ta laluben baki. Daga cikinsu akwai kalmar tome, wadda ake furtawa tom da jan wasali, wadda kuma Turawan Ingila ke kiran littafi da ita idan ya cika girma da kauri da nauyi, irin wanda ba a riƙe shi da hannu ɗaya, kuma galibi abin da ke cikinsa ilmi ne mai zurfi, na shari'a ko tarihi ko lugga. Na ga ya kamata a tsaya a bi salsalar wannan kalma, domin tarihinta ya taɓo wata mas'ala da ta shafe mu kai tsaye, watau yadda ake haɗa manyan littattafai, da yadda ake karanta su, da kuma abin da muke yi da waɗanda muka gada.

Asalin kalmar daga Yunananci ne, inda ake cewa tomos, ma'ana yanki, abin da aka yanko daga jikin wani abu, kuma an ciro ta daga fi'ilin da ke nufin yanka. Dalilin da ya haɗa yanka da littafi kuwa yana ga irin takardar mutanen wancan zamani. A bakin kogin Nilu na ƙasar Masar akwai wata ciyawa doguwa da Larabawa ke kira bardi, wadda akan fere cikinta siriri siriri, a jera wani sashe a tsaye wani a gicciye, a danne har su kama juna su bushe, sa'an nan a liƙa falle da falle, galibi kamar ashirin, har a sami doguwar takarda da ake naɗewa. Mai karatu yana warwarewa da hannun dama yana naɗewa da hagu, kuma tun da yake naɗi yana da iyakar da idan ya wuce ta sai ya gagari hannu ko ya tsage, tilas ne duk wani dogon talifi a raba shi naɗi naɗi. Wannan buƙata tana cikin dalilan da suka sa tsofaffin littattafan Yunanawa suka iso mana a rarrabe, kamar tarihin Hirodotas da ke kashi 9, ko kuwa doguwar waƙar Homa ta yaƙin Tarwada da ke kashi 24. Kowane yanki daga cikin irin waɗannan ana iya kiransa tomos, kuma babu wani abu a cikin sunan da ke nuna girma. Abin da yake nunawa shi ne cewa akwai saura.

Rumawa suka ari kalmar suka mai da ita tomus, malaman Kirista kuma suka riƙa kiran waɗansu wasiƙu na aƙida da ita, kamar wasiƙar da Paparoma Liyo ya aika wa babban limamin Ƙusɗanɗiniyya a shekarar 449, wadda aka karanta a taron malamansu na 451, alhali kuwa gaba ɗayanta 'yan shafuka ne. Daga Latin ta shiga Faransanci, daga nan ta ƙetara Ingila a farkon ƙarni na 16, tana ɗauke da ma'anarta ta juzu'i ɗaya daga cikin littafi mai juzu'ai da yawa. Amma kafin wannan ƙarni ya ƙare an fara kiran kowane ƙaton littafi da ita, ko da shi kaɗai ne ba shi da ɗan'uwa. Yadda wannan sauyi ya auku ba shi da wuyar ganewa ga wanda ya duba halin ɗab'i a lokacin. Tun bayan da Gutenbag ya buga littafinsa na farko mai girma a Jamus wajen 1455, littattafan da suka kai a raba su juzu'i juzu'i su ne na manyan malaman addini da na shari'a, kuma akan buga su ne a kan babbar takarda da aka ninke sau ɗaya kacal, a yi musu bango da katako a lulluɓe da fata, har wani lokaci a ɗaure su da sarƙa a jikin teburin karatu don kada a sace. Mutumin da duk juzu'in da ya taɓa gani sai ya sa hannu biyu kafin ya ɗaga shi, ba a daɗe ba zai ɗauka cewa sunan juzu'i sunan nauyi ne. Ta haka sifar da ke tare da abu ta rinjayi ma'anarsa ta asali, kuma wannan hanya ce da malaman lugga suka sani a kowane harshe.

Abin lura shi ne Faransawa ba su bi Ingilishi cikin wannan sauyi ba. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa, waɗanda suke da yawa a Agege da Alaba Rago da Mil Sha Biyu, idan sun yi karatun lakwal sun san cewa a wurinsu kalmar tana nan a ma'anar juzu'i, har ɗan littafin yara mai shafi 40 akan rubuta masa ita a bango da lamba ɗaya ko biyu. Saboda haka ɗalibi daga Kano da ɗalibi daga Maraɗi suna iya yin gardama a kanta, kowannensu yana kan gaskiya. Kalmar kuma tana da dangi a Turanci waɗanda ba kowa ke gane zumuncinsu ba. Akwai atom, watau abin da ba ya yankuwa, wanda malaman ilmin kalam suka daɗe suna bahasi a kansa da sunan jauharul fardi, juzu'in da ba ya karɓar rabuwa. Akwai sunan ilmin tiyatar gawa don sanin gaɓoɓi, wanda Larabawa ke kira tashrihi. Akwai kuma epitome, wanda asalinsa littafi ne da aka datse aka taƙaita, daidai da abin da muke kira muhtasari. Ke nan tushe guda ne ya haifi sunan littafi mafi girma da sunan littafi mafi ƙanƙanta.

Idan muka juya ga Larabci, wanda shi ne harshen da manyan littattafai suka fara zuwa mana da shi, sai mu tarar malamai sun bambanta abubuwan da Ingilishi ya cakuɗa. Juzu'i rabo ne na mawallafi ko na mai kwafa, mujalladi kuwa aikin mai ɗinki ne, domin an ciro shi daga jildi, watau fata, kuma yana nufin abin da aka haɗa cikin bango ɗaya. Shi ya sa za ka ga an rubuta cewa littafi juzu'i huɗu ne cikin mujalladi biyu, ba tare da wani saɓani ba. Akwai kuma sifru, jam'insa asfaru, wanda malaman tafsiri suka fassara da babban littafi, kuma ya zo a Suratul Jumu'a inda aka buga misalin wanda aka ɗora wa ilmi bai yi aiki da shi ba. Har ma kalmar ƙamus da muke amfani da ita kullum tana da irin wannan labari, domin ma'anarta ta farko teku ce, sai Firuzabadi ya sa wa littafinsa na lugga suna Alƙamusul Muhiɗ, littafin ya shahara har sunansa ya zama sunan kowane littafin kalmomi. Waɗannan malamai sun san nauyin abin da suke tarawa. An ruwaito cewa Imam Ɗabari, wanda ya rasu a Bagadaza a 923, ya so ya yi tafsirinsa cikin waraƙa 30,000, da almajiransa suka nuna masa rayuwa za ta ƙare kafin a gama sai ya taƙaita zuwa kamar 3,000. Ibnu Hajar kuma ya ɗauki shekara 25, daga 817 zuwa 842 na Hijira, yana aikin Fathul Bari, sharhin Sahihul Buhari, kuma yadda ya yi shi abin a tsaya a duba ne: yakan rubuta kurasa guda, watau 'yan waraƙu kaɗan, ya miƙa wa manyan almajiransa su kwafa, a taru rana ɗaya a mako a karanta a gwada kwafi da asali a yi bahasi, sa'an nan a wuce gaba. Littafin da muke gani yau jere a kanta mujalladi 13, da kaɗan da kaɗan ya fito daga hannun mai shi, kuma kowane yanki sai da ya bi ta kunnen jama'a kafin ya shiga bango. Turawa ma haka suka yi da babban ƙamusunsu na Okasfod, wanda aka riƙa fitarwa ƙunshi ƙunshi daga 1884 har zuwa 1928.

To, mu fa? Kalmominmu na karatu galibi baƙi ne da suka daɗe har suka zama 'yan gida. Littafi daga alkitabu yake, allo daga allauhu, alƙalami daga alƙalamu, takarda kuwa masana sun nuna ta biyo ta hannun Buzaye ne, kuma asalinta na can nesa ɗaya ne da na kirɗasi na Larabci, watau sunan da Yunanawa ke kiran fallen bardin nan na Masar. Muna da izu ko izifi, daga hizbi, wanda da shi muke auna Alƙur'ani mai girma kashi 60, kowane izu kuma a raba shi nusufi da rubu'i da sumuni, har ya zama idan ka tambayi almajiri inda ya kai ba zai ambaci shafi ba, sai ya ce yana izu kaza. Muna kuma da kundi, kalmar da a yau ta hau matsayi babba, tun da ita ake kiran tsarin mulkin ƙasa da ita, da littafin da ɗalibin jami'a ke rubutawa don neman digiri, har ana cewa abu ya shiga kundin tarihi. Amma a bakin mutanen da, kundi tarin takardu ne warwatsattsu da malami ke adanawa, na fa'idoji da addu'o'i da laƙani da hatimai da mas'alolin da ya tsinta a bakin malamansa, waɗanda ba ya yarda kowa ya leƙa. Kundi ya yi irin tafiyar da takwararsa ta Turanci ta yi, daga sunan guntaye zuwa sunan babban littafi mai alfarma.

A nan ne nake so in daɗe, domin littafin ƙasar Hausa na asali yana da wata siffa da yaran yanzu da yawa ba su taɓa gani da idonsu ba, wato ba a ɗinke shi. Takarda ce falle falle, yawancinta a ƙarni na 19 daga masana'antun arewacin Italiya take, mai tambarin jinjirin wata uku da ake gani idan an ɗaga ta ga haske, tana biyo ayarin raƙuma ta Tarabulus da Gadamas har Kano. Marubuci yakan rubuta da tawadar da aka dafa a gida, baƙa ga matani, ja ga wasali da kan babi, ya bar fili mai faɗi tsakanin layuka da gefen shafi, sa'an nan a ƙasan bayan kowace waraƙa ya rubuta kalmar da za ta fara waraƙa ta gaba, ta yadda ko iska ta watsa takardun ana iya mai da kowace mazauninta ba tare da lamba ba. Idan an gama sai a sa su tsakanin tadarishi, a naɗe da tsumma, a ɗaure da tsirkiya, a zura cikin gafaka a rataye a bango nesa da ƙasa. Har yanzu a waɗansu zaurukan Zangon Agege, da asuba bayan an idar da salla, za ka iya ganin dattijon malami ya kwance irin wannan ɗauri a kan buzunsa, ya lashi yatsa ya zare waraƙa biyu daga tsakiya ya miƙa wa magidancin da ke gabansa, wanda ƙila mai sayar da goro ne ko mahauci daga mayankar Oko Oba, shi kuwa ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Allah gafarta malam, a nan muka kwana jiya." Sai ya ja jumla guda da Larabci ya tsaya, malam ya fassara ta kalma kalma da Hausa, yana cewa "na'am" a duk inda karatu ya daidaita, yana gyara wasali inda ya karkace, idan aka zo wurin da ke da wuya sai ɗalibin ya ɗauki alƙalami ya rubuta ma'anar da ajami ƙanana a ƙarƙashin kalmar. Kafin ya tashi wani ya matso, an zare masa nasa waraƙun daga wani babi na littafin nan guda. Littafi ɗaya yana iya wadatar da mutum biyar a zama ɗaya, kuma idan ana son kwafi akan raba shi ga almajirai da dama kowa ya rubuta rabonsa, a gama cikin kwanaki abin da hannu ɗaya zai yi watanni yana yi. A ƙasar da takarda ke da tsada, rashin ɗinki hikima ce da aka zaɓa da gangan.

Tsarin karatun kansa ma a kan haka aka gina shi. Ɗalibin fiƙihu yakan fara da Ƙawa'idi, ya shiga Ahalari, ya wuce Ishmawi da Iziyya, sa'an nan Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, daga nan Askari, kafin ya kai ga Muhtasar na Shehu Halil, malamin Masar na ƙarni na 14, wanda shi ne ƙololuwar abin da ake karantawa a mazhabar Malikiyya a ƙasashenmu. Duk waɗannan, har da Muhtasar ɗin, ƙanana ne a jiki, ana iya sa kowannensu a aljihun babbar riga. Manyan mujalladai daga baya suke zuwa, kuma daga jikin ƙananan suke tsirowa: Halil ya matse mas'aloli dubbai cikin lafazi ƙanƙane har ya zama ba a gane shi sai da jagora, sai malamai suka yi masa sharhi, kamar Mawahibul Jalil na Haɗɗabi mai mujalladi 6, da Sharhul Kabir na Dardiri, wanda Dasuƙi ya zo ya yi masa hashiya, aka buga su tare cikin mujalladi 4, matani a cikin sharhi, sharhi a gefen hashiya. Wanda ya buɗe Dasuƙi bai bi ta Risala da Muhtasar ba zai ga baƙaƙe ne kawai, domin an rubuta littafin ne don mutumin da ya riga ya haddace jumlar da ake magana a kanta. Malamanmu na jihadi sun san wannan sarai. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa tafsirinsa Liya'ut Tawili, wanda aka buga a Alƙahira a 1961 cikin juzu'i 4, amma da ya ga ya yi wa masu ƙaramin ƙarfi nisa sai ya sake yin wani gajere, Kifayatu Lu'afa'is Sudan, domin kada girman na farko ya hana mutane amfana. Yawancin abin da Shehu Usmanu da Sarkin Musulmi Bello suka rubuta kuwa risaloli ne na waraƙa goma ko ashirin ko talatin, waɗanda matafiyi zai iya kwafewa a zango ɗaya ya wuce da su.

Ɗinkakken littafi mai ruwan zinariya a gadon baya ɗab'i ne ya kawo mana shi. Maɗaba'ar Bulaƙ ta Masar, wadda aka kafa a zamanin Muhammadu Ali Basha, ita ce ta fara fitar da irin su Lisanul Arab na Ibnu Manzur cikin juzu'i 20 a ƙarshen ƙarni na 19, daga baya maɗaba'ar Halabi ta Alƙahira da maɗaba'un Bairut suka cika kasuwa, alhazai suna dawowa da su a akwati, 'yan kasuwar Kurmi ta Kano suna odarsu, jiragen ruwa suna sauke su a Apapa. Agege tana da rabo babba a wannan tarihi. Garin ya bunƙasa ne da hanyar jirgin ƙasa, wadda ta kai Ibadan a 1901 ta kai Kano a 1911, da kuma gonakin goron da aka dasa a kewayensa, waɗanda suka jawo fataken Hausawa da a da suke dogon tattaki zuwa Gwanja; fatake kuwa ba sa zama wuri sai da malami, domin shi ne limami, shi ne mai rubuta wasiƙa, shi ne mai raba gardamar ciniki. A wannan gari ne kuma Shehu Adamu Abdullahi Al'iluri, wanda aka haifa a 1917 ya rasu a 1992, ya dawo da makarantarsa ta Markaz, wadda ya fara kafawa a Abekuta a 1952, bayan ya je Azhar ya ga yadda ake karantarwa a can. Ya shigo da aji da allon bango da jarrabawa da takardar shaida cikin karatun Larabci, ya tara littattafai, ya kuma rubuta tarihin Musulunci a Nijeriya da na Shehu Usmanu; amma mai duba abin da ya wallafa zai ga cewa galibinsu ƙananan littattafai ne da aka auna su daidai ƙarfin ɗalibi, alhali yana da ilmin da zai cika mujalladai. A ganina wannan shaida ce cewa ya fahimci amfanin babban littafi da amfanin ƙarami, bai bar kwarjinin na farko ya rufe masa ido ga na biyu ba.

Abin da ke damuna a yau, kuma ina faɗinsa da ƙaunar masu yinsa, shi ne an fara auna ilmi da faɗin kanta. Ka tsaya wurin mai sayar da littattafai a ƙofar masallaci ranar Juma'a, za ka ji saurayi yana tambaya, "Alhaji, wannan mujalladi nawa ne?", a ce masa goma sha uku ne kuma ba a raba saiti, ya yi ta tari har ya biya, ya kai gida ya jera. Sayen littafi alheri ne, kuma gidan da yaro ya tashi yana ganin littattafai ya fi gidan da babu. Sai dai sau da yawa za ka zaro juzu'i na bakwai bayan shekaru ka tarar shafukansa suna manne da juna yadda suka fito daga maɗaba'a. Sa'an nan ga wayar hannu, wadda manhaja irin ta Maktabatus Shamila ta zuba wa dubban mujalladai, har ya zama mutum yana rubuta kalma guda a fito masa da duk wurin da ta zo. Wannan ni'ima ce da Ibnu Hajar da kansa zai yi murna da ita, amma tana da illa ga wanda bai yi karatu a jere ba, domin yakan tsinci jumla daga tsakiyar bahasi, bai san ko ƙaulin mawallafi ce ko ƙaulin da mawallafi ya kawo don ya rushe ba, ya ɗauka ya hau mumbari ko ya watsa a WhatsApp, a wayi gari unguwa ta rabu biyu a kan mas'alar da malamai suka warware tun ƙarni bakwai da suka wuce. Magidancin da ke karɓar waraƙa biyu a zaure shi ma guntu yake karanta, amma guntunsa yana bin na jiya, na gobe kuma zai bi shi, kuma akwai wanda ke zaune gabansa ya san littafin daga farko har ƙarshe. Saboda haka idan ɗalibi ya tambaye ni fassarar kalmar nan ta Turanci nakan ce ya duba wurin da ta zo: in juzu'i ake nufi ya ce juzu'i, in bango ake nufi ya ce mujalladi, in kuwa girma da kwarjini ake nufi, kundi ya isa, ko ya ce ƙaton littafi yadda kowa zai gane.

Akwai kuma wani aiki da ke jiranmu wanda ya fi fassarar kalma gaggawa. A gidajen tsofaffin malamai da fatake na Agege da Idi Araba da Obalande akwai kundaye na ainihi, irin na ma'anar farko, cike da wasiƙun ajami tsakanin dillalan goro da iyayen gidansu na Kano da Sakkwato, da lissafin bashi, da waƙoƙin wa'azi, da kwafin Risala da Ishiriniya masu ɗauke da fassarar malaman da suka shuɗe a gefen shafi. A cikinsu ne tarihin zaman Hausawa a ƙasar Kurmi yake, wanda ba a rubuta shi a wani wuri ba. Iskar Ikko kuwa ba irin ta Arewa ba ce, domin laima tana sa takarda ta yi fumfuna tawada ta narke, gara da kyankyaso suna ci, ambaliyar damina tana shiga ɗakuna, kuma idan mai kundi ya rasu magada sukan raba takardun kamar yadda ake raba tufafi, rabin littafi ya tafi wani gida rabi ya tafi wani, ko a zuba su a buhu a kai masallaci don gudun wulaƙanta sunan Allah, su ruɓe a can. Mutanen Agege sun fi kowa sanin cewa huhun goro ba a ɗaure shi a manta, sai an riƙa kwancewa ana tsince wanda ya ɓaci ana sake ganye, to kundi ma haka yake buƙata: a fito da shi lokacin rani a shanya a inuwa, a kakkaɓe, a jera waraƙunsa bisa kalmomin ƙasan shafi, a sa shi a wuri mai tsayi. Akwai wuraren da suka san wannan aiki, kamar cibiyar adana rubuce-rubucen Larabci ta Jami'ar Ibadan da aka kafa a 1964, da Gidan Arewa na Kaduna, da ɗakin tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, kuma a yanzu ba sai an raba iyali da gadonsu ba, tun da ana iya ɗaukar hoton kowace waraƙa a bar asalin a hannun masu shi. Ya dace fadar Sarkin Hausawan Agege da limaman unguwanni su sa ɗaliban da suka iya Larabci da ajami su bi gida gida da izinin magada, su rubuta sunan kowane littafi da adadin waraƙunsa da sunan wanda ya kwafa in ya sa, su ɗauki hotonsa, sa'an nan a yi wa masu rabon gado nasiha cewa idan littafi ya faɗo cikin tarika a yi masa ƙima a bar shi ga mutum ɗaya, ko a yi waƙafinsa ga makarantar unguwa.